Stream, jet, spurt, gush, trickle: tambayoyi da amsoshi kan kalmomin Ingilishi na zubar ruwa

Na daɗe ina koyar da Ingilishi, kuma da wuya zango ya wuce ba a tare ni da tambaya a kan waɗannan kalmomi ba. Wani ɗalibi ne mai shirin jarrabawa, wani mai fassara labarai ne, wata kuma ma'aikaciyar jinya ce da ke son rahotonta ya fita daidai. Matsalar ɗaya ce: mutum ya buɗe ƙamus ya tarar an fassara kalma biyar ko shida da "zuba" ko "kwarara", sai ya ɗauka duk kanwar ja ce. Ga tambayoyin da aka fi maimaita mini, da amsar da nake bayarwa.

Malam, me ya sa Turawa suka tara kalmomi haka a kan abu ɗaya? Ba duk zubar ruwa ba ce?

Ba abu ɗaya ba ne, kuma kai ma ka san haka da Hausarka. Tsaya a bakin ƙofa ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka zuba wa indararo ido. Da farko ruwan ɓulɓulowa yake yi, ya cika bakin indararon, ya yi tsalle ya faɗa can tsakar gida, har bokitin da aka tara ba ya samun komai domin ruwan ya tsallake shi. Wannan shi ne gush. Da ruwan ya ɗan lafa sai ka ga ya daidaita, yana sauka a miƙe kamar igiya, shaaa, cikin bokiti. Stream ke nan. Can an jima ya koma siriri kamar zare, yana bin leɓen indararon yana gangarowa ta jikin bango. Sunansa trickle. Bayan an ɗauke kuma, kana kwance kana jin ɗis, ɗis, ɗis har barci ya kwashe ka, wannan drip ne.

Bahaushe ma ba "zuba" yake cewa a duk waɗannan ba. Muna da kwarara, malala, tsiyaya, zirara, ɗiga, tsartuwa, ɓulɓula, dalala, tsattsafowa, naso, yoyo, feshi. Inda aikatau ya gaza kuma mu ƙara amsa-kama, mu ce tsul, ko shaaa, ko ɓul-ɓul. Saboda haka bambancin ba baƙo ba ne gare mu, sunayen ne kawai baƙi. Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne, kafin ka zaɓi kalma ka dubi ruwan da kansa: da wane ƙarfi yake fita, yawansa nawa ne, yana yankewa ko a jere yake, kuma ta wace irin ƙofa yake fitowa, tsukakkiya ko mai faɗi.

Mene ne bambancin stream da flow?

Flow ita ce uwa. Duk abin da ke gudana yana flow, ko kogi ne ko jini a jijiya ko man fetur a bututu. Ba ta gaya maka yawa ko ƙarfi, tafiyar kawai take nunawa. Stream kuwa ta ƙara siffa: ruwa ne da ke tafiya a jere ta hanya guda, bai yanke ba, kana iya ganin tsawonsa da ido. Mai shayi idan ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi cikin na ƙasa don ya huce, wannan doguwar igiyar shayin da ke tsakanin kofunan biyu ita ce "a stream of tea".

Kalmar tsohuwa ce a Ingilishi, 'yar'uwar Strom ce ta Jamusanci, kuma ba ta da ruwa da girma ko ƙanƙanta. Rafin bayan gari stream ne. Gulf Stream ma stream ne, wato kogin ruwan ɗumi da ke tafiya a cikin tekun Atilantika daga mashigin Meziko ya nufi Turai, alhali ruwan da yake ɗauke da shi ya fi na duk kogunan duniya idan aka haɗa su. Abin da ya haɗa su shi ne tafiya a jere ba yankewa.

To jet fa? Ni dai jirgin sama na sani da wannan suna.

Jirgin ne ya ari sunan daga ruwa. Jet ta samo asali daga jeter ta Faransanci, ma'ana jefa, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci za su gane ta nan take. Jet ruwa ne ko iska da aka matsa ta tsukakkiyar ƙofa, ya fita da ƙarfi a miƙe kamar an jefa mashi. Je wurin masu wankin mota ka ga abin da ke fita daga bakin injinsu, wanda ke ɓamɓare busasshen laka daga ƙarƙashin mota, ko ka tuna mesar 'yan kwana-kwana da sai mutum biyu ko uku sun riƙe. Ko ka buɗe famfo ka toshe rabin bakin mesa da babban yatsa: abin da ke zuba a ƙafarka ɗazu stream ne, wanda ke kaiwa bangon maƙwabci yanzu jet ne. Yawan ruwan bai ƙaru ba, ƙofar ce ta tsuke.

A birnin Geneva na ƙasar Suwizalan akwai wani mashahurin famfo a bakin tafki da ake kira Jet d'Eau. Yana cilla ruwa sama har mita 140, lita 500 a kowace daƙiƙa, da gudun kilomita 200 a awa. Wanda ya ga hotonsa sau ɗaya ba zai ƙara ruɗa jet da wata kalma ba. Injin jirgi kuma iska mai zafi yake cillawa baya ta wannan hanya, ita ke tura shi gaba. Jirgi na farko mai irin wannan inji ya tashi a Jamus ranar 27 ga Agusta 1939, daga nan sunan ya bi jiragen.

A kula da abu biyu. Jet a wannan ma'ana suna ce galibi, ana cewa "a jet of water", ba a cika mayar da ita aikatau ba. Sannan jet ɗin da ke cikin "jet black", wato baƙi ƙirin, wata kalma ce dabam, sunan wani baƙin dutse ne da ake yin kayan ado da shi.

Spurt da squirt sun yi kama a baki. Yaya zan raba su?

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Spurt tsartuwa ce: fita da ƙarfi, farat ɗaya, na ɗan lokaci, kuma ƙarfin daga ciki yake zuwa. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙafafun ragon layya ya ga spurt da idonsa. Ana ɗora wuƙa jini yake tsartuwa, ya yi nisa har ya ɓata rigar wanda bai matsa ba, kuma ba a jere yake fita ba, yana tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa, bisa bugun zuciya. Bature zai ce "blood spurted from the neck". Bayan ɗan lokaci ƙarfin ya ragu, jinin ya koma kwarara cikin ramin da aka haƙa, nan ya zama flow. Idan aka rataye ragon ana fiɗa kuma sai ɗiga. Bambancin spurt da jet shi ne ɗorewa: jet yana iya ci gaba awa guda muddin inji na aiki, spurt kuwa yi yake ya tsaya. Famfon da ya kwana biyu babu ruwa, ranar da aka kawo, ka ji yana tari yana tofo ruwa da iska kafin ya daidaita, shi ma spurt yake yi.

Squirt kuwa matsawa ce. Akwai hannu a ciki, ko wani abu da ya matse ruwan ya fita siriri ta ƙaramar kafa. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga sirinji ta danna kaɗan don ta fitar da iska, ruwan magani ya yi tsul sama: squirt. Yaro ya huda ledar fiya wata da haƙori ya matsa wa ƙaninsa a fuska: squirt. Bafulatana tana tatsa, kowace matsa nono ya tsarto cikin ƙwarya da ƙara: squirt. Ka matsa lemon tsami ruwan ya shige maka ido, shi ma haka. Yawanci ɗan kaɗan ne, kuma ana iya cewa wane ya yi squirt ɗin abu kaza a kan abu kaza, domin aikin mai aikatawa ne.

A taƙaice, idan ka iya nuna wanda ya matsa, squirt ce ta fi dacewa. Idan abin da kansa ya fashe ya fito, spurt ce. Ina kuma ba ɗalibai shawara su yi hattara da squirt a rubutun intanet, domin tana da wata ma'ana ta batsa a can, kuma idan aka kira yaro "little squirt" raini ne.

Gush da pour fa? Duk ba ruwa mai yawa ba ne?

Duk mai yawa ne, amma pour tana da nutsuwa, gush ba ta da ita. Pour ita ce zubawa daga sama zuwa ƙasa, sau da yawa da niyya: ka zuba shayi a kofi, ka tsiyaya mai a kwalba ta mazurari. Ruwan sama mai ƙarfi ma ana cewa "it is pouring". Gush kuwa ɓulɓulowa ce da yawa, ba zato, ta ƙofa mai faɗi, ba wanda ke iko da ita. Babban bututun ruwa ya fashe a tsakiyar titi, ruwa na tumbuɗowa ta ƙarƙashin kwalta, wannan gush ne. Da ƙaramar huda ce a jikin bututun, da jet za a gani.

Masu haƙar mai suna da kalmar gusher, wato rijiyar da mai ya ɓalle daga cikinta ya yi sama da kansa. Wadda ta fi shahara ita ce ta Spindletop a jihar Texas ta Amurka, wadda ta ɓalle ranar 10 ga Janairu 1901, mai ya yi ta tashi sama da ƙafa 100, kimanin ganga 100,000 a rana, har kwana tara kafin a shawo kanta. Ka riƙe wannan hoto a ranka, shi ne gush a cikakkiyar siffarsa.

Trickle, drip, dribble, drizzle: duk ƙananan ruwa ne. Ina iyakar kowanne?

Trickle siririn ruwa ne mai tafiya a hankali amma bai yanke ba, kuma galibi jikin wani abu yake bi. Hawayen da ke zirara a kumatu, gumin da ke gangarowa ta tsakiyar baya, ɗan ruwan da ya rage yana ratsa yashi a tsakiyar kogi cikin watan Maris, duk trickle ne. Drip kuwa ya yanke, ɗigo ne bayan ɗigo, kana iya ƙirgawa. Shi ya sa ƙarin ruwa na asibiti ake ce masa drip, kuma da gaske ƙirga shi ake yi: a robar da aka fi amfani da ita ga manya ɗigo 20 ne mililita ɗaya, a ta yara kuma 60. Haka ban-ruwan nan da ake shimfiɗa siririyar mesa mai huji a gindin shuka, wanda aka bunƙasa a Isra'ila a shekarun 1960, sunansa drip irrigation.

Dribble dalala ce. Ruwa ne kaɗan da ke zuba ba tsari, ba ƙarfi, yawanci daga baki: yawun jariri mai haƙori, ko kunun da ke bin haɓar tsoho marar lafiya. Butar shayin da bakinta bai da kyau, maimakon ta zuba cikin kofi sai shayin ya bi jikinta ya sauka a kan tire, ita ma dribble take yi. Eh, ita ce dai dribble ta ƙwallon ƙafa, domin ɗan wasa yana tura ƙwallo ne kaɗan-kaɗan.

Drizzle yayyafi ne, irin wanda aka ce da shi kogi kan cika. A girki kuma ana amfani da ita idan an zirara ɗan mai ko zuma a saman abinci.

Ooze, seep da leak: a nan kam na rasa gane komai.

Nemi randa biyu, za su koya maka. Sabuwar randar ƙasa da aka cika da ruwa, ka shafa bayanta ka ji danshi, ƙasan gindinta ya jiƙe, alhali babu tsaga ko ɗaya a jikinta. Ruwan yana ratsa ƙananan kafofin yumɓun ne da ido ba ya gani, kuma wannan nason da ke bushewa a waje shi ke sanyaya na ciki. Wannan shi ne seep. Ɗaya randar kuma ta tsage, da safe ka tarar da rabin ruwa ya tafi. Wannan leak ne, yoyo. Seep ratsawa ce ta cikin jikin abu, kamar yadda damina ke sa bangon ɗaki ya yi naso daga ƙasa. Leak kuwa aibi ne, akwai huji ko tsaga a inda bai kamata ba. Injiniyoyin madatsun ruwa sun san bambancin sarai: duk dam ɗin da aka gina da ƙasa, irin na Tiga, yana da ɗan seepage da ake aunawa ana sa masa ido, ba abin tashin hankali ba ne sai ya ƙaru ko ya fara fitowa da laka.

Leak tana karɓar mazubi da abin da ke ciki. Kana iya cewa "the roof is leaking", kana iya cewa "water is leaking from the roof". Kuma ba ta faɗin yawa: yoyon yana iya zama drip, yana iya zama gush.

Ooze kuwa kauri ne ya raba ta da seep. Abu ne mai danƙo ko yauƙi da ke tsattsafowa a hankali: ƙaro a jikin itace inda aka sare shi, mugunya daga gyambo, zuma daga saƙa, laka da ke fitowa ta tsakanin yatsun ƙafa idan ka taka fadama. Ba a cewa ruwan rijiya yana ooze, ba a kuma cika cewa zuma tana seep ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shin waɗannan bambance-bambance suna da wani tasiri a aiki, ko ƙawa ce kawai ta masu adabi?

'Yar'uwa, a wurinku ne ma suka fi nauyi. Na taɓa raka wani ɗan'uwana asibiti, gilashi ya yanke shi a hannu, an ɗaure da ɗankwali. Likitan ba ya jin Hausa, ni ne tafinta. Na ce masa jini na fita. Bai ko ɗaga kai ba ya tambaye ni, "spurting or oozing?" A kan wannan amsar ya yanke shawarar ko a shiga da shi nan take ko ya jira layi. Tun daga ranar na daina koyar da waɗannan kalmomi a matsayin ado.

Jinin da ke spurt, ja jawur, yana tsartuwa bisa bugun zuciya, daga jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya yake, kuma yana iya kashe mutum cikin mintuna. A danne wurin da ƙarfi, a garzaya asibiti. Wanda ke flow a jere, mai duhu, daga jijiyar da ke mayar da jini yake. Wanda ke ooze kuwa na ƙujewar fata ne, galibi yana tsayawa da kansa.

Haka a ɗakin haihuwa. Idan faya ta fashe, wata gush take gani, ruwa ya zubo gaba ɗaya ya jiƙa zane. Wata kuma trickle ne, kaɗan-kaɗan, har ta ɗauka fitsari ne ta ƙi faɗa wa kowa. Duka biyun fashewar faya ce, dole a duba. Dattijon da ke fama da kumburin abin da likitoci ke kira prostate, wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, za a tambaye shi ko yana da "weak stream", wato fitsarin ba ya nisa, da kuma dribbling, wato ɗigar da ke biyo baya ta ɓata wando bayan ya gama. Matan da ke fama da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda kuwa leaking ake rubutawa, kuma Hausa da Ingilishi sun dace a nan, domin da gaske kafa ce ta buɗe a inda babu ita.

Spray, spout, splash, spill fa?

Waɗannan ba su da wahala. Spray feshi ne, ruwan ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo, kamar turare ko maganin ƙwari a gona. Splash fantsama ce, kamar mota ta taka kududdufi ta wanke ka. Spill ɓari ne, zubewa ba da niyya ba, shi ya sa malalar ɗanyen mai a yankin Neja Dalta ake ce mata oil spill. Hausa a jikin aikatau take nuna wannan, mu ce ya zuba, ya zubar, ya zube, su kuma sai sun canza kalma ɗungurungum. Spout suna ne na bakin buta ko indararo, kuma aikatau ne na ruwan da ke fita ta irin wannan baki da ƙarfi.

Idan ana maganar ruwan da ke gudana a ƙasa, mene ne bambancin stream, brook, creek da river?

Babu wani ma'auni na mita kaza da ya raba su, al'ada ce da wuri. River kogi ne. Stream rafi ne ko ƙorama, kuma ita ce kalmar da ba za ka yi kuskure da ita ba. Brook ƙaramin rafi ne, kalmar ta fi yawa a Ingila da arewa maso gabashin Amurka, tana kuma da ƙamshin waƙa. Rivulet ya fi brook ƙanƙanta, har gumi ana cewa yana gangarowa "in rivulets". A arewacin Ingila za ka ji beck, a Scotland kuma burn, duk rafi ne.

Creek ce mai tarko. A Amurka da Ostiraliya rafi ce ta ruwan daɗi. A Ingilishin Birtaniya kuwa siririn mashigi ne da ruwan teku ke kutsowa cikin ƙasa. Mu na Birtaniya muka gada, shi ya sa idan jarida ta ce sojoji sun shiga creeks na Neja Dalta, hanyoyin ruwa ne da ake bi da kwalekwale a cikin dazuzzukan bakin teku. Mai fassarar da ya ce "ƙoramu" ya rage wa labarin hoto. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai ma sun san Dubai Creek da ya raba Deira da Bur Dubai, ruwan gishiri ne, reshen teku.

Akwai kuma abin da Ingilishin yau da kullum ba shi da sananniyar kalma guda a kansa: kogin da ke cika da damina ya koma yashi da rani, irin Gulbin Maraɗi, ko abin da ake kira kori a Nijar. Sai su ce "seasonal river", ko su ari wadi daga Larabci. Irin wannan kogi idan ruwa ya sauko masa da ƙarfi bayan an yi ruwa a tudu, yana tafe da itatuwa da dabbobi, sunan ruwan torrent. Kalmar daga Latin take, daga tushen da ke nufin ƙuna ko tafasa, saboda yadda ruwan ke tafarfasa yana ruri. Idan ya tumbatsa ya bar hanyarsa ya shiga gari, kamar yadda ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar dam ɗin Alau, ya zama flood, ambaliya.

Ruwan da ke fitowa daga ƙasa fa? Ina ganin spring, fountain da geyser.

Spring marmaro ne, idon ruwa na Allah, kamar Wikki da ke Yankari wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Fountain a Ingilishin yau galibi na ginin mutum ne, irin na shataletale. Geyser marmaro ne mai zafi da ke cilla ruwa da tururi sama lokaci-lokaci, sunan daga wani marmaro ne a ƙasar Iceland, kuma tushensa a harshensu yana nufin gush.

Wanda ya yi karatun allo ma ya riga ya gamu da irin wannan bambanci. A cikin Suratur Rahman an siffanta idanun ruwa biyu da tajriyan a aya ta 50, wasu biyun kuma da naddakhatan a aya ta 66. Masu fassara zuwa Ingilishi sukan ba na farko flowing, na biyu gushing. Ɗalibaina da suka san ayoyin ba sa ƙara mantawa da kalmomin biyu.

Ina ganin waɗannan kalmomi a labaran da ba su shafi ruwa ba. Ma'anar tana canzawa ne?

Hoton ba ya canzawa, abin da ke zuba ne ya canza. "A stream of visitors" baƙi ne da ke ta shigowa ba yankewa, "a trickle of voters" kuwa masu zaɓe ne jefi-jefi. Streaming na bidiyo ma daga nan yake, bayanai ne ke zuwa wayarka a jere kana kallo, ba sai ka sauke duka ba. Growth spurt shi ne tsawon da yaro ke yi farat ɗaya lokacin balaga, wandon bara ya ɗage. Idan aka ce mutum yana gush, yabo ne ko zumuɗi ya yi masa yawa har ya wuce kima. Wanda ke spout kuwa surutu yake zubawa ba kan gado, kalmar zargi ce. Leak fallasar sirri ce ko fitar takardar jarrabawa kafin lokaci. Trickle-down, wanda aka yi ta muhawara a kansa a Amurka zamanin Shugaba Reagan a shekarun 1980, ra'ayi ne cewa idan aka sauƙaƙa wa masu kuɗi haraji amfanin zai zirara ya kai ga talaka, kuma masu sukar ra'ayin ne suka fi son kalmar, domin trickle ɗan kaɗan ne.

A harkar mai kuma akwai upstream da downstream, asalinsu saman kogi da gangarensa. Upstream nema ne da haƙowa, downstream tacewa da sayarwa, midstream kuma jigila da ajiya. Dokar man fetur ta Najeriya ta 2021 a kan wannan rabo ta kafa hukumomi biyu, NUPRC ta ɓangaren upstream, NMDPRA ta sauran biyun.

Waɗanne kurakurai ne mu Hausawa muka fi yi da su?

Na farko shi ne "the tap is rushing". A Najeriya kowa zai gane ka, amma a jarrabawa ko a wajen ƙasar "the tap is running" ake cewa, idan kuma ƙarfin ruwan kake son nunawa ka ce "water is gushing from the tap". Na biyu, shuɗaɗɗen flow shi ne flowed. Flown ta tashi sama ce, daga fly, don haka "the river has overflown" kuskure ne ko da ka gan shi a jarida, overflowed ne daidai. Na uku, amfani da pour a wurin spill: wanda ya ce "I poured tea on my shirt" ya ce da gangan ya zuba wa rigarsa shayi.

Sai furuci. Harshenmu yana haɗa p da f, shi ya sa pour ke komawa four a bakinmu. Leak kuma a ja wasalin, in ba haka ba ta zama lick, lasa, kuma "the tank is licking" ba abin da kake nufi ba ne. A rubutu a lura kada spout ta zama sprout, wadda ke nufin tsiro.

Idan ina rubutu na rasa wadda zan ɗauka, yaya zan yi?

Faɗi jimlar da Hausa tukuna, amma ka hana kanka "zuba" da "fita". Idan bakinka ya ce tsartuwa, spurt kake nema, sai fa idan wani ne ya matsa, nan squirt ce. Idan ya ce ɓulɓulowa, gush. Zirara ko tsiyaya, trickle. Ɗiga, drip. Dalala, dribble. Naso, seep. Tsattsafowar abu mai kauri, ooze. Yoyo, leak. Jet ce kaɗai ba mu da kalma guda da ta zauna mata daram, sai ka tuna yatsanka a bakin mesa. Idan kuma ba ka ga ruwan da idonka ba, labari aka ba ka, ka rubuta flow, ko ka koma ka tambayi wanda ya gani yadda yake fita.